Yadda ake rubuta tiramadol, kodin da mofin a ƙaramin asibiti, daki-daki

Tambayar da abokan aiki na ƙananan asibitocin unguwa suka fi yi min, daga Rigasa da Tudun Wada har Giwa da Kachia, ita ce wai yaushe ake ba da tiramadol, yaushe ake hanawa, kuma in mutum ya shigo yana birgima a ƙasa yana roƙon a yi masa allurar rage ciwo ta fentazosin, wadda ake kira fenta, ya za a yi da shi. To ga shi na jera yadda ake bi. Da masu aikin lafiya nake, wato likita sabon fitowa da aka tura ƙauye bautar ƙasa, da nas, da jami'in lafiya na matakin farko, da mai ba da magani. In kai mara lafiya ne ko mai jinya ka karanta za ka ƙaru, amma don Allah adadin da zan ambata ba naka ba ne ka kwasa ka nufi kemis.

Abin da ke ci min rai shi ne kuskure biyu muke tafkawa a lokaci ɗaya. Magidanci mai ciwon baya ana ɗirka masa allurar fenta duk sati har jikinsa ya kama, ita kuma tsohuwar da kansar mama ta ci ƙarfinta ana sallamarta da Panadol sabida ana tsoron mofin. Duk biyun cuta ce. Kafin biro ya taɓa takarda ka san don me za ka bayar, nawa za ka bayar, da ranar da za a daina ko a sake dubawa, in ba ka da amsar ko ɗaya daga ciki to ba ka shirya rubutawa ba tukuna.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai sandar daƙiƙa don ƙirga numfashi, na'urar nan ta yatsa mai auna iskar jini, jakar hura numfashi, allurar nalokson mai karya guban waɗannan magunguna, sirinji mara allura na auna maganin ruwa, kabad mai makulli da littafin rajistarsa, wanda nas-nas ke kira littafin DDA, sai lambar wayar likitan babban asibitin da kake tura marasa lafiya. Nalokson ɗin nan shi aka fi rasawa, ka je ka duba kabad ɗinka yau ka ga ko akwai kuma ko bai lalace ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi: mofin da danginsa, irin su tiramadol, kodin da fenta, likita mai rajista ne ke rubuta su. In kai jami'in lafiya ne na matakin farko, abin da littafin ƙa'idar aikinka bai ba ka ba kar ka taɓa, ka ba da abin da kake da iko da shi ka tura gaba. Masu kemis kuma ba su da lasisin sayar da su sam.

1. Ka fara gane wane irin ciwo ne

Kar ka tsaya a "ina ke miki ciwo". Ka tambayi yaushe ya fara, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, yana hana barci ko a'a, sannan ka bar mutum ya faɗa da bakinsa yadda yake ji. Wanda ya ce zogi ko raɗaɗi a wurin karaya ko ƙuna daban, wanda ya ce tafin ƙafarsa kaman an zuba barkono ko ana tsira masa allura ko wuta na fizgarsa shi ma daban, wannan na biyun ciwon jijiya ne, an fi ganinsa a masu ciwon suga, kuma amitiriftilin 10mg zuwa 25mg da dare ya fi masa amfani a kan dangin mofin nesa ba kusa ba.

Sai ka auna ƙarfinsa daga 0 zuwa 10. Tsofaffi da yawa lissafin nan ba ya shige musu, sai ka nuna yatsun hannu biyar ko hoton fuskoki. Kuma ka san mutanenmu, mace mai kunya ko Bafillace mai dauriya zai ce maka "da sauƙi" alhali gumi na keto masa, ka kalli fuska da yadda yake zama da tashi, ka tambayi wanda ya rako shi ko ya runtsa jiya.

Daga nan ciwon zai faɗa ɗaya daga cikin gida uku. Na farko sabon ciwo mai tsanani, karaya, ƙuna, hatsarin mota, bayan tiyata, tashin sikila. Na biyu ciwon kansa da na wanda cuta ta kai shi gargara. Na uku daɗaɗɗen ciwo da ya haura wata uku ba kuma kansa ba, irin ciwon baya, sanyin ƙashi na gwiwa, ciwon kai mai dawowa. Gida na farko ana bayarwa na 'yan kwanaki. Na biyu ana bayarwa ba rowa. Na uku shi ne inda ake halaka mutane, don an gwada an gani, a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 an bi masu ciwon baya da gwiwa da ƙugu shekara guda, waɗanda aka ba dangin mofin ba su fi waɗanda aka ba sauran magunguna samun sauƙin motsi ba, illa ma ta fi yawa a wajensu. Ni dai a ƙaramin asibiti ba na ganin dalilin fara wa mai daɗaɗɗen ciwon baya tiramadol.

Gargaɗi: ciki da ya ƙame kaman katako, ciwon ƙirji, ciwon kai mai zuwa farat ɗaya, ciwon baya haɗe da kasa riƙe fitsari ko mutuwar ƙafa, waɗannan turawa ake yi nan take. Rage wa mai ciwon ciki raɗaɗi kafin tafiya ba laifi, ka dai rubuta abin da ka ba shi da lokacin. Wanda ya bugu a kai kuwa ka yi taka-tsantsan sosai, barcin magani zai iya ɓoye tabarbarewar ƙwaƙwalwa.

2. Ka binciki shi mara lafiyar

Shekarunsa, nauyinsa, ko tana da ciki ko tana shayarwa, asma ko wata cutar huhu, minshari mai yanke numfashi cikin barci, ƙoda, hanta, farfaɗiya. Dattijon da ya daɗe da hawan jini ko suga in da hali a duba ƙodarsa kafin a ɗora shi kan mofin na dogon lokaci, sabida ƙoda ce ke fitar da ragowarsa, in ta yi rauni sai ya taru a jiki.

Sannan ka ce a zazzage maka ledar magungunan gida a kan tebur. Abin da kake nema su ne masu sa barci, dayazefam, Lexotan, Rohypnol da yara ke kira roci, firegabalin, maganin tari mai kodin, da giya. Haɗa waɗannan da dangin mofin shi ne babban abin da ke tsayar da numfashi.

Maganar shaye-shaye kuma sai an iya yinta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan dangin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, akasari tiramadol, don haka a layin da ke ƙofar ofishinka akwai su, kuma ba lallai su yi kama da abin da kake zato ba, akwai manomi mai sha don ya jure huɗa, akwai lebura, akwai matar aure. Ka fitar da 'yan rakiya, ka sassauta murya ka ce "Malam, kowa nake wa tambayar nan, akwai abin da kuke ɗan sha don ƙarfin aiki ko don barci? Ba don in kai ƙara ba, don kar in ba ku abin da zai yi karo da shi." Za ka sha mamakin yadda mutane ke faɗin gaskiya in ba a kunyata su ba. Wanda ya amsa da e kuma ga karaya a ƙafarsa, ba a barinsa cikin azaba, ana ba shi na kwana ɗaya ko biyu a hannun wani babba a gidan, a dawo da wuri.

3. Ka fara da na ƙasa, kuma ka ba su haƙƙinsu

Tsanin maganin ciwo mai hawa uku, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 har yau yana aiki. Farasitamol 1g duk awa 6 ga babba, kar ya wuce 4g a rana, a rage wa ramamme da mai ciwon hanta. A haɗa da ibufurofen 400mg sau uku bayan cin abinci, ko dikulofenak da bai wuce 150mg a rana ba, ɗaya daga ciki ba duka biyun ba. Yawancin masu cewa Panadol bai musu komai ba ƙwaya ɗaya suka sha da safe shikenan. In aka sha su a kan lokaci, aka ɗaure karaya da kyau, aka rufe ƙuna, aka cire haƙorin da ya ruɓe, da yawa daga masu neman allura ba za su buƙace ta ba, kuma su ne mafi arha a aljihun talaka.

Gargaɗi: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da mai tsohon ciki ba a ba su ibufurofen ko dikulofenak. Wanda kuma ya zo da ciwo 8 ko 9 cikin 10 ba sai ka bi da shi hawa-hawa ba, ka tafi kai tsaye inda ya dace.

4. Zaɓen maganin

Ƙa'idar ita ce ta baki matuƙar mutum na iya haɗiya, mai saurin aiki ba mai daɗewa a jiki ba, mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, kuma ana ci gaba da farasitamol a gefe.

Tiramadol. A fara da 50mg duk awa 6 in akwai buƙata, iyakarsa 400mg a rana, wanda ya haura shekara 75 kar ya wuce 300mg, mai raunin ƙoda sosai duk awa 12 kuma kar ya wuce 200mg. Wanda NAFDAC ta amince da shi 50mg ne da 100mg, duk wanda ka gani 200 ko 225 ko 250 na bayan fage ne, in mara lafiya ya nuno maka shi ka san inda aka kwana. Ba a ba mai farfaɗiya, don yana tayar da jijjiga. A yi hattara wajen haɗa shi da amitiriftilin ko magungunan ciwon damuwa, haɗin na iya kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi.

Kodin. 30mg zuwa 60mg duk awa 4 zuwa 6, iyaka 240mg a rana. Sai hanta ta juya shi ya koma mofin yake aiki, wasu jikinsu ba ya juyawa sam sai su sha a banza, wasu kuma yana juyawa da sauri fiye da kima, shi ya sa aka hana mai shayarwa da yaro ƙasa da 12. In wanda aka haɗa da farasitamol ne ka lissafa farasitamol ɗin ciki kar a ninka. DF118 ɗan uwansa ne, 30mg, kuma yana ɗaure ciki ba kaɗan ba. Maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018 kuwa ba maganin ciwo ba ne tun asali.

Fentazosin, wato fenta. A nan zan daɗe kaɗan don ita ce ta fi yi mana ɓarna. Tana da arha, tana ko'ina, mutane kuma sun yarda allura ta fi ƙwaya, sai ta zama abin da hannu ke fara kaiwa. Aikinta awa uku zuwa huɗu ne, akwai inda in ta kai ƙari ba ya ƙara rage ciwo sai dai illa, tana sa wasu gane-gane, kuma maimaita ta a wuri ɗaya na ƙone tsoka, duk wanda ya yi aiki da masu sikila ya ga matashin da cinyoyinsa da damatsansa suka ƙandare suka cika da gyambon da ba ya warkewa, wani ma gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Allura ɗaya ta 30mg ga wanda ya karye kafin a sa shi a mota zuwa asibitin Barau Dikko ko na Gwamna Awan, wannan an fahimta. Amma kar ka taɓa ba mutum kwalbar allura ya tafi da ita gida, kar ka koya wa kowa yi wa kansa, kar kuma ka yi ta ga wanda ke kan mofin, sabida tana ture mofin ɗin sai ciwo ya dawo haɗe da alamun yankewar magani.

Mofin. Ga mai kansa da mai ciwo mai tsanani shi ne sarki, kuma in an bi ƙa'ida ba ya gaggauta ajalin kowa, wannan tsoron ne ya kamata mu cire wa kanmu kafin mu cire wa dangi. Babban da bai taɓa sha ba 5mg ta baki duk awa 4, tsoho ko ramamme 2.5mg. A bi agogo, 6 na safe, 10, 2, 6, 10, 2 na dare, ba a jira sai ciwo ya taso. In ya taso a tsakani a ba da ƙarin kashi ɗaya cikin shida na jimillar rana. Misali mai shan 5mg sau shida jimillarsa 30mg, ƙarinsa 5mg, in jiya sau uku aka ba shi ƙari to 45mg ya sha, ka raba shida, yau 7.5mg duk awa 4 kenan. Kar ƙari ya wuce rabin na jiya a tashi ɗaya. Yawanci sai a manyan asibitoci ake samunsa, irin asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, don haka aikinka a unguwa sau da yawa shi ne turawa da wuri da kuma bibiya bayan an dawo gida.

Gargaɗi: mofin na ruwa ƙarfinsa ya bambanta, wani 5mg ne cikin 5ml, wani ya ninka haka sau goma. Ka karanta jikin kwalbar duk lokacin da aka kawo sabuwa. Ƙwayar mai daɗewa a jiki kuma ba a daka ta ba a tauna ta.

Mai sikila da ciwonsa ya tashi, musamman lokacin hunturu, ka yarda da shi. A ba shi maganin ciwo cikin rabin awa da isowa, ruwa, ɗumi, a duba maleriya da sauran abin da ya tayar. Kiransa ɗan ƙwaya tun daga bakin ƙofa zalunci ne. A guji allurar fetidin, ita ma dangin mofin ce, a wajensa don maimaita ta na kawo jijjiga. In akwai ciwon ƙirji, zazzaɓi mai zafi, haki, shanyewar wani sashe ko ɗashewa sosai, mota kawai.

5. Rubuta takardar

Cikakken suna, shekaru, adireshi, kwanan wata, sunan magani da ƙarfinsa, nawa za a sha, duk awa nawa, na kwana nawa, sai jimilla da lamba da kuma haruffa, don 10 ba ta da wuyar komawa 100 a hannun mai biro. Na ruwa ka rubuta mg ka rubuta ml. Ka ja layi a sauran filin da ya rage, ka sa hannu da suna da hatimi.

Sabon ciwo kwana 3 ya isa a mafi yawan lokuta, da wuya a buƙaci fiye da 7. Kar ka rubuta "a ci gaba" ba iyaka. A takardar nan dai ka haɗa da maganin sakin ciki, Dulcolax ko sena da dare, duk wanda zai wuce kwana biyu yana sha, sabida jiki na sabawa da jiri da tashin zuciya cikin 'yan kwanaki amma ba ya taɓa sabawa da ɗaurewar ciki. Plasil 10mg na kwanakin farko in akwai amai.

Duk abin da ya fita daga kabad ya shiga littafi a take, sunan wanda aka ba, adadi, ragowa, sa hannun mutum biyu. A ƙirga wajen miƙa aiki. Kwalbar da ta fashe a nuna wa shaida a rubuta. Ranar da masu bincike suka zo littafin nan ne zai tsaya maka, kuma gaskiya ita ce a cikinmu ma'aikata ma akwai waɗanda fenta ta kama, ƙirgan yana kare su su ma.

6. Zama da mara lafiya da mai jinya

Minti biyar ne amma ya fi rubutun muhimmanci. Ka kira wanda zai riƙa ba da maganin a gida ka ce, "Hajiya, maganin nan mai ƙarfi ne, na Baba ne shi kaɗai. Ba zai ɗauke ciwon duka ba, so muke ya samu barci ya iya tashi alwala. Ga sirinji, iya nan za ku ja, ban da cokali. In kun ga barci ya yi nauyi ana tashinsa ba ya tashi, ko numfashi ya ja baya, kar a ƙara ba shi, ku kawo shi ko da tsakar dare ne." Sai ka sa ta maimaita maka ta kuma ja ruwa a sirinjin a gabanka.

A kulle shi a akwati ko durowa, ba kan talabijin ba, ba ƙarƙashin filo ba, gidajenmu na yawa ne, ga ƙananan yara ga samari. Kar a sam wa maƙwabciya don ita ma ƙafarta na ciwo. Ragowa a dawo da shi asibiti. Direba, mai Keke Napep, mai injin niƙa ko mai hawa gini ya ajiye aiki a kwanakin farko da duk lokacin da aka ƙara adadi.

In azumi ne ka taɓo maganar da kanka, don da yawa ba za su tambaya ba, sai su haɗe na yini duka su shanye da sahur, wannan kuwa hatsari ne babba. Mai ciwon da ya kai a ba shi mofin duk awa 4 yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame, in ya yi nauyin zuciya ka ce ya tambayi malaminsa.

Batun kuɗi kuma ka faɗa musu tun farko cewa ba kuɗin ƙwaya kaɗai ba ne, akwai na sakin ciki, gwajin ƙoda, da kuɗin motar zuwa karɓo mofin, wanda sau da yawa ya fi maganin kansa tsada. Ka tambaya ko suna cikin tsarin inshorar lafiya na jihar Kaduna, wato KADCHMA, ka kuma daidaita ranar karɓo magani da ranar ganin likita don tafiya ta zama ɗaya.

7. Ranar dawowa

Sabon ciwo kwana 3, wanda aka fara wa mofin a kira waya washegari, a gan shi cikin sati. Lambar ciwo kaɗai ba ta isa ba, ka tambayi ko yana barci, yana taka ƙafa zuwa masallaci, yaushe rabonsa da bayan gida, yana gyangyaɗi da rana. A zo da ragowar a ƙirga.

Mai dawowa kafin lokaci, mai cewa ya ɓata sau biyu, mai ƙin komai sai allura kaza da sunanta, mai yawo asibiti-asibiti, mai tabon allura, duk alamu ne. Amma ka sake duba ciwon tukuna, wanda ba a ba shi isasshe ba shi ma haka yake yi, kuma karayar da ciwonta ke ƙaruwa wataƙila ɗaurin ne ya matse. In ba kansa ba ce kuma ka ga ana doshin kwatankwacin mofin 50mg a rana, ko an shiga sati na uku ba ranar dainawa, ka tsaya ka nemi shawarar na gaba da kai.

8. In numfashi ya yi ƙasa

Barci mai nauyi ne ke fara zuwa, sai numfashi ƙasa da 10 a minti, ƙwayar ido ta tsuke kaman kan allura, minshari mai gurnani, leɓe ya canza launi. Ka girgiza shi ka kira sunansa, ka buɗe hanyar iska, ka fara hura masa da jaka, oksijin in akwai, sannan nalokson 0.4mg a jijiya ko tsoka, a maimaita bayan minti 2 zuwa 3 in bai motsa ba. Ƙarfin nalokson na gushewa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, maganin da ya sha kuwa yana nan, don haka farfaɗowa ba sallama ba ce, a tura shi da rakiyar ma'aikaci. Ka hana dangi ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi.

Gargaɗi: mai kansa da ya daɗe kan mofin ba a ba shi kwalbar nalokson gaba ɗaya sai in numfashi ya tsaya, ana sirka 0.4mg ta zama 10ml a riƙa ba da 1ml duk minti 2 har numfashi ya daidaita, in ba haka ba zai farka cikin azabar da ba ta misaltuwa. Wanda tiramadol ya yi wa yawa kuma ka zauna da shirin jijjiga.

9. Ragewa da turawa

Wanda ya sha na 'yan kwanaki dainawa kawai zai yi. Wanda ya yi makonni ko watanni ba a yanke masa rana ɗaya, ana rage kusan kashi 10 cikin 100 duk sati, wanda ya haura shekara kuwa duk wata. Mai shan tiramadol 400mg misali a cire 50mg, a jira sati biyu, a sake cirewa, in an zo ƙarshe a ƙara sassautawa don nan ne ya fi wuya. Hamma, yoyon hanci, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci alamun an yi sauri ne, a tsaya a inda ake na ɗan lokaci, ba a koma sama ba. Ka gaya masa ƙarara cewa bayan an rage jikinsa ba zai ɗauki adadin da yake sha a baya ba, komawa kan adadin nan farat ɗaya na iya kashe shi.

Mai ciki da jikinta ya saba da su kar ka yanke mata, ka tura ta babban asibiti. Wanda abin ya zame masa jaraba, yana sha duk da yana ganin illa, ya kasa bari, korarsa daga asibiti tura shi hannun 'yan bayan fage ne, ka rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, suna da sashen masu wannan matsala. A takardar ka sa abin da yake sha, nawa a rana, tun yaushe, ta baki ko allura, ranar da ya sha na ƙarshe, da ciwon da aka fara ba shi dominsa, sannan ka ba shi ranar da zai dawo wajenka bayan ya je, don ciwon asalin yana nan kuma kai ne za ka ci gaba da kula da shi.